Kiyaye Tsofaffi Daga Haɗari a Cikin Gida: Darasi Daga Sabon Tasha da Kudancin Jihar Kaduna

GABATARWA

Ran 4 ga watan Janairu na shekarar 2020 iskar gas ta fashe a wani shagon da ake sayar da ita a bakin hanyar Kachia, cikin Sabon Tasha, kudu da birnin Kaduna. Wuta ta kama shagunan da ke kusa, mutane suka rasa rayukansu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Labari ya bazu ko'ina cikin ƙasa, jaridu suka buga, gidajen rediyo suka faɗa, jama'a suka yi ta juyayi.

Amma akwai wani irin haɗari wanda jarida ba ta bugawa, rediyo ba ta faɗa, alhali kuwa kullum yana aukuwa cikin gidajen jama'a. Tsohuwa takan zame a makewayi da safe bayan kowa ya fita, ƙugunta ya karye, ta wuni kwance a ƙasa ba wanda ya sani sai da magariba. Tsoho yakan shigar da kaskon wuta ɗaki saboda sanyin hunturu, ya rufe ƙofa da taga, gari ya waye bai tashi ba. Yawancin irin wannan asara ana iya hana ta da 'yan gyare-gyaren da ba su da tsada.

Manufar wannan darasi ita ce bayyana abubuwa biyu. Na farko, yadda za a gyara gida domin a rage haɗari ga tsofaffi. Na biyu, yadda tsoho zai sami hanyar kiran taimako nan da nan idan wani abu ya same shi yana shi kaɗai. An ɗauki misalai daga Sabon Tasha da Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da su, amma abin da aka faɗa ya shafi kowane gida, tun daga Sakkwato har Sabo ta Ibadan.

KASHI NA ƊAYA: YADDA ZAMAN TSOFAFFI YA SAKE

A zamanin dā tsoho yana zaune ne a tsakiyar gandu, 'ya'ya da surukai da jikoki suna kewaye da shi. Ko tari ya yi da dare, akwai mai jinsa. Yau kuwa zama ya sake. Da yawa daga ma'aikatan masaƙun Kakuri, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a shekarar 1957, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da na matatar mai ta Kaduna wadda aka buɗe a shekarar 1980, da sojoji da malaman makaranta, sun gina gidajensu a Sabon Tasha da Unguwar Boro da Narayi da Romi, sun yi ritaya a can. 'Ya'yansu sun tafi aiki Abuja ko Legas ko wata ƙasa. Sau da yawa tsoho da matarsa ne kaɗai a gida, ko kuwa tsohuwa da jika ɗaya wanda ke makaranta tun safe har la'asar.

Haka abin yake a Kafanchan, garin da ya bunƙasa tun da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa a shekarar 1927, da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia. Da damina duk mai ƙarfi yana gonar citta ko ta masara, ƙauye ya zama fayau, ba kowa sai tsofaffi da ƙananan yara. Ba rashin tausayi ya kawo wannan ba, neman abinci ne. To, tun da yake ba za a iya komar da zaman dā ba, wajibi ne a shirya gida yadda ya dace da zaman yau.

KASHI NA BIYU: FAƊUWA DA ABIN DA KE KAWO TA

Haɗarin da ya fi yawa ga tsofaffi shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutane wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. A wani rahoton da ta fitar a shekarar 2007 ta nuna cewa daga kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 ko fiye sukan faɗi a kowace shekara. Watau ke nan kusan mutum ɗaya cikin uku.

Faɗuwar tsoho dabam take da ta yaro. Yaro yakan faɗi ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ci gaba da wasa. Ƙashin tsoho kuwa ya riga ya yi rauni, musamman na mata waɗanda suka daina al'ada, saboda haka 'yar faɗuwa kaɗan takan karya ƙugu ko wuyan hannu. Wanda ƙugunsa ya karye yakan daɗe kwance, doguwar kwanciya kuma takan jawo gyambon baya da ciwon huhu. Har ila yau, wanda ya taɓa faɗuwa yakan tsorata da tafiya, ya riƙa zama wuri ɗaya, ƙafafunsa su ƙara mutuwa, ya sake faɗuwa.

Dalilan faɗuwa iri biyu ne, akwai na jiki akwai na gida. Na jiki su ne kamar raunin gani saboda yanar ido ko hawan jinin ido, da jiri, da ciwon gwiwa, da mutuwar tafin ƙafa wadda ciwon sukari ke kawowa. Wasu magungunan ma, kamar na barci da na hawan jini, sukan sa mutum ya ga jiri idan ya miƙe farat ɗaya. Don haka ya kamata tsoho, idan ya farka, ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe. Idan jirin ya yi yawa, a kwashi dukkan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a kai wa likita ya duba. Kada a daina shan maganin hawan jini ba da shawarar likita ba. Yanar ido kuwa ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki, gani ya dawo, kuma ana yin wannan aiki a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da wasu asibitoci da yawa. Kuskure ne babba a ce wai rashin gani tsufa ne kawai a ƙyale mutum cikin duhu.

KASHI NA UKU: GYARAN GIDA

Ya kamata mai gida ko babban ɗa ya zagaya gida sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da kafin shigowar hunturu, ya bi hanyar da tsohon ke bi tun daga gado har ƙofar gida, yana lura da waɗannan wurare.

1. Makewayi da wurin wanka. Nan aka fi faɗuwa. A kudancin Jihar Kaduna ruwan sama yana da yawa, damina kuma tana da tsawo, saboda haka gansakuka takan kama siminti ya yi santsi kamar an zuba kuɓewa. A riƙa kankare ta da tsintsiyar kwakwa ko buroshi, a gyara magudana don kada ruwa ya kwanta. Idan an sa tayil mai sulɓi, a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa. A sa maƙeri ko mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango, daidai inda hannu zai kai. A ajiye kujera mai ƙarfi domin tsoho ya yi wanka ko alwala a zaune. Wanda gwiwarsa ba ta jure tsugunno, kafinta yana iya yi masa kujera mai huda a ɗora bisa bakin masai. Masai na rami kuma a duba daɓensa kowace damina, domin ruwa yakan zaizaye ƙarƙashinsa ya rufta.

2. Hanyar dare. Yawancin tsofaffi sukan tashi fitsari sau biyu ko uku kafin asuba. A ajiye tocila a ƙarƙashin matashin kai, wuri ɗaya kullum, a kuma sa 'yar fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana a hanyar makewayi. Idan makewayin yana da nisa, a ajiye fo ko bokiti mai murfi a ɗaki. Wannan ba abin kunya ba ne.

3. Cikin ɗaki. A kawar da tabarma ko ledar ɗaki wadda bakinta ya naɗe, da wayar lantarkin da ta gilma a ƙasa, da kwanuka da buhunan da aka tara a hanya. Gado kada ya cika tsawo, kada kuma ya cika gajarta. Daidai shi ne wanda mutum zai zauna tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai. Abin da tsoho ke bukata kullum, kamar magani da ruwan sha da carbi ko littafin addu'a, a sa shi inda hannu zai kai ba sai an taka kujera ba.

4. Dokin ƙofa da matakala da dakali. Inda dokin ƙofa ya yi tsawo a rage shi, ko a shafa masa farin fenti yadda za a gan shi. Matakalar da ta farfashe a gyara ta, a sa mata abin dafawa.

5. Tsakar gida. A cike ramuka, a kawar da turmi da taɓarya da itace daga hanya, a ɗaure awaki. Rijiya a ɗaga bakinta a sa mata murfi mai nauyi. Jan ruwa da guga ba aikin mai jiri ba ne. A riƙa cika masa randa ko jarka tun da safe.

6. Takalmi da sanda. Silifas ɗin da ƙasansa ya cinye ya fi kome saurin kayar da mutum. A nemi takalmi mai maɗauri a dunduniya. Sandar dogarawa ta kai daidai wuyan hannu idan mutum yana tsaye, a kuma sa mata roba a gindi. Zane ko riga mai jan ƙasa a ɗage ta kaɗan.

Bayan gyaran gida, sai motsa jiki. Tafiya zuwa masallaci ko majami'a, da ɗan shara, da zagaya lambu, duk suna ƙarfafa ƙafa. Iyalin da suka hana tsoho taɓa kome don tausayi, cutarsa suke yi ba su sani ba.

KASHI NA HUƊU: WUTA DA GAS DA HAYAƘI

Gawayi da itace da injin janareta, idan suna ci a wurin da iska ba ta shiga, suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin kome, sai dai ya wuce daga barci zuwa suma. Saboda haka kada a kwana da kaskon rushi cikin rufaffen ɗaki kome tsananin sanyi. A ɗumama ɗaki tun da wuri, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara wa tsoho bargo da safa da hula. Janareta kuma kada a tashe shi a ɗaki, ko a zaure, ko a baranda, ko a gindin taga, ko da ana tsoron ɓarayi. A gina masa ɗan keji mai iska can nesa da ɗakunan kwana.

Tukunyar gas a ajiye ta tsaye a wuri mai iska, in da hali a waje da ɗakin girki. A riƙa gwada tiyo da bakin tukunya da ruwan sabulu. Idan kumfa ta taso, to gas yana yoyo. Wanda ya ji warin gas kada ya ƙyasta ashana, kada ya kunna ko ya kashe fitilar lantarki. Ya rufe tukunya, ya buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita waje. A lura cewa hancin tsoho ba ya jin wari kamar na yaro, kuma mantuwa takan sa a bar tukunya bisa wuta. Wanda mantuwarsa ta yi yawa kada a bar shi ya yi girki shi kaɗai. Abin da ya auku a Sabon Tasha a shekarar 2020 ya isa ya zama gargaɗi cewa kada a yarda a riƙa ɗura gas a tsakiyar shaguna da gidajen kwana.

Kada a zuba kananzir a risho ko fitila tana ci. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana. Kyandir da maganin sauro na kunnawa a nisanta su daga gidan sauro da katifa da labule.

Akwai kuma wata matsala da tsoron ɓarayi ya kawo. Gidaje da yawa a Sabon Tasha da Kafanchan da sauran garuruwa an sa musu ƙarafa a kowace taga, ƙofa kuma da sakata biyu da kwaɗo. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana mai gida fita ran da gobara ta tashi, ya kuma hana maƙwabta kai ɗauki. Ya kamata a yi wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa daga ciki, a rataye makulli wuri ɗaya kusa da ƙofa inda ko cikin duhu hannu zai same shi. Kada a kulle tsoho ta waje a tafi kasuwa ko gona, ko da yana da ruɗewa. A nemi mai zama da shi.

KASHI NA BIYAR: HANYOYIN KIRAN TAIMAKO

Kome kyawun gyara, wata rana haɗari yana iya aukuwa. A wannan rana abin da ya fi muhimmanci shi ne tsawon lokacin da mutum zai yi kwance kafin a gan shi. Likitoci sun lura cewa tsohon da ya wuce awa guda a ƙasa bayan faɗuwa yana cikin haɗarin ƙishirwa mai tsanani, da sanyi, da lalacewar tsoka wadda takan taɓa ƙoda, ko da bai karye ba.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro na'urar kiran agaji a ƙasashen Turai da Amurka. A shekarar 1974 wani malamin Jami'ar Boston, Farfesa Andrew Dibner, ya kafa kamfanin Lifeline domin wannan aiki. Yadda na'urar ke aiki shi ne, tsoho yana rataye wani ɗan maɓalli a wuya kamar laya, ko ya ɗaura a hannu kamar agogo. Idan ya faɗi sai ya danna, saƙo ya tafi ta waya zuwa wata cibiya inda ma'aikata ke zaune dare da rana. Su kuma sai su yi masa magana, su kira maƙwabci ko ɗansa ko motar asibiti. Na'urorin zamani wasunsu sukan gane faɗuwa da kansu, su kuma nuna inda mutum yake. Amma suna bukatar kuɗin wata-wata, da caji, da layin waya mai ƙarfi, da motar asibitin da za ta iso da sauri. Ba kowane gida ne zai sami waɗannan ba.

Abin lura shi ne, na'urar tana tsaye bisa sharuɗɗa uku. Abin kira ya kasance a jikin tsoho kullum. A sami wanda zai ji kiran. Wanda ya ji kuma ya san abin da zai yi, ya kuma iya shiga gidan. Kowace unguwa da kowane ƙauye suna iya cika waɗannan sharuɗɗa da abin da ke hannunsu.

1. Usur ko 'yar ƙararrawa. A rataya wa tsoho usur a wuya da zare marar ƙarfi wanda zai tsinke idan ya maƙale. Ƙarar usur ta fi murya nisa, ba ta kuma bukatar caji. A yi yarjejeniya da maƙwabta cewa busa uku a jere, ana maimaitawa, alamar neman taimako ce, a kuma hana yara wasa da ita. Wanda ba shi da ƙarfin numfashi a ba shi ƙararrawa, ko a sayi ƙararrawar ƙofa mai batir wadda ba ta da waya, a rataya masa maɓallin, a ajiye mai ƙarar a ɗakin ɗansa ko na maƙwabcin da ke jikin katanga. A gwada ta tukuna a tabbata ƙarar tana kaiwa.

2. Wayar hannu. Tun da wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 ta kai kusan kowane ƙauye. Ƙaramar waya mai manyan maɓallai, wadda cajinta ke kwana da yawa, ta fi wa tsoho amfani bisa ga mai shafawa. A shirya ta yadda danna lamba ɗaya zai kira mutum na kusa. A lura, na kusa aka ce. Ɗan da ke Legas ba ya iya ɗaga mahaifinsa daga ƙasa a Zonkwa, saboda haka lambar farko ta zama ta maƙwabci, ta biyu ta mai abin hawa, sa'an nan ta 'ya'ya. A ɗinka wa wayar 'yar jaka ta ratayawa, domin wayar da ke caji a falo ba ta amfanar wanda ya faɗi a makewayi. Wayoyin zamani da yawa kuma suna da tsarin kiran gaggawa ta hanyar danna maɓallin gefe sau da yawa a jere. A sa wanda ya iya ya shirya shi.

3. Lambar gaggawa ta ƙasa. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta keɓe lamba 112 domin kiran gaggawa. Kyauta ce, ana kiranta ko babu kuɗi a waya. Kiran yana zuwa cibiyar sadarwar gaggawa, daga can a sanar da 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko motar ɗaukar marasa lafiya. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra a kan hanya kuwa ita ce 122. Mai kira ya natsu, ya faɗi abin da ya faru, da sunan unguwa, da wata alama sananniya kamar makaranta ko kasuwa ko majami'a ko masallaci, sa'an nan ya tura yaro bakin titi ya tarbi masu zuwa. Kiran wasa laifi ne, domin yana tare layi ga mai bukata. Amma kada a zauna jiran mota kawai, musamman a ƙauyukan da hanyarsu ke lalacewa da damina. Tun kafin ranar bukata a shirya da mai mota ko mai Keke Napep wanda ya yarda a tashe shi ko da tsakar dare.

4. Gaisuwar safe da ta yamma. Wannan ita ce tsohuwar na'urar da aka gada, ta kuma fi kowace araha. A sa mutum ɗaya takamaimai ya riƙa leƙawa kowace safiya da kowane maraice ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" ko "Mama, yaya ƙarfin jiki?" Kada ya tafi sai ya ji amsa. Idan aka bar abin ga kowa da kowa, kowa zai zaci wani ya je. Liman da fasto da shugabannin zumuntar mata su lura da dattijon da ba a gani ba a sahu ko a wurin sujada, su aika a duba. Mai unguwa ko dagaci ya san gidajen da tsofaffi ke zaune su kaɗai.

5. Makulli da takarda. A ba amintaccen maƙwabci makulli ɗaya. A rubuta takarda da manyan baƙaƙe a manna bayan ƙofa, mai ɗauke da sunan tsoho, da cututtukansa, da magungunan da yake sha, da wanda jikinsa ba ya karɓa, da lambobin mutum uku. Katin asibiti da ɗan kuɗin mota a ajiye su wuri ɗaya da aka sani.

A gwada wannan shiri sau ɗaya kowane wata. Kuma duk abin da za a yi, a yi shi da shawarar tsohon da yardarsa. Dattijon da aka rataya wa usur ba a yi masa bayani ba zai ga an mai da shi yaro, ya tuɓe ya jefa ƙarƙashin gado.

KASHI NA SHIDA: IDAN HAƊARI YA AUKU

Wanda ya tarar da tsoho a ƙasa kada ya yi gaggawar ciccibarsa. Ya fara yi masa magana, ya tambayi inda ke ciwo. Idan akwai zafi mai tsanani a ƙugu ko baya ko wuya, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, to a ɗauka karaya ce. A lulluɓe shi, a nemi mutane, a ɗauke shi bisa katako ko ƙyaure ba tare da lanƙwasa shi ba. Karayar ƙugu ba ta ɗori ba ce, tana bukatar hoton ƙashi da aikin likita. Wanda ya bugu a kai, idan ya yi amai, ko ya ruɗe, ko barci ya yi ta fizgarsa, ko da bayan 'yan kwanaki ne, a kai shi asibiti.

Alamun shanyewar ɓarin jiki su ne karkacewar baki, da mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, da sarƙewar magana, duk farat ɗaya. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, hawan jini ne kuma ya fi kawo shi. A lura da lokacin da abin ya fara, kada a ɗura masa ruwa ko abinci ko magani domin yana iya shaƙewa, a kai shi babban asibiti nan take. Addu'a ana yin ta a hanya. Mai ciwon sukarin da ya kama rawar jiki da gumi da ruɗewa, idan yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari, sa'an nan a kai shi asibiti.

Wanda hayaƙi ya buge a fitar da shi fili, a buɗe ƙofofi, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Saran maciji, kamar kububuwa ko gamsheƙa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko munduwa, a garzaya asibitin da ke da allurar dafin maciji.

KASHI NA BAKWAI: HAKKIN GWAMNATI DA NA JAMA'A

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mutumin da ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya saɓa. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san wannan. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa Kan Tsufa, a wannan shekara kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki. A shekarar 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu domin masu rauni, har da tsofaffi. Mai son bayani ya tuntuɓi asibitin gwamnati mafi kusa ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun shekarar 1990 ta keɓe ran 1 ga watan Oktoba ta zama Ranar Tsofaffi ta Duniya. Wannan rana ta zo daidai da Ranar 'Yancin Kan Nijeriya, ranar hutu, saboda haka ta dace ƙwarai da zagayen duba gida kafin hunturu.

Amma gwamnati ba ta iya shiga kowane makewayi ta kankare gansakuka, ba ta iya ƙwanƙwasa kowace ƙofa da safe. Wannan aikin 'ya'ya ne da jikoki da maƙwabta, kuma addinin Musulunci da na Kirista duka sun ɗora wa mutum hakkin iyaye da na maƙwabci. 'Ya'yan da ke aiko da kuɗin abinci daga birni su ware wani abu domin ƙarfen dafawa da tocila da waya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya gyara gida domin mahaifinsa yau, kansa ya gyara wa, in Allah ya ba shi tsawon rai.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne dalilai ne suka sa faɗuwar tsoho ta fi ta yaro haɗari?
2. A kawo gyare-gyare huɗu da za a yi a makewayi da wurin wanka.
3. Don me aka hana kwana da kaskon rushi ko tashin janareta a rufaffen wuri?
4. Waɗanne sharuɗɗa uku ne kowace hanyar kiran taimako ke bukata?
5. Don me lambar maƙwabci za ta riga ta ɗan da ke nesa a wayar tsoho?
6. Mene ne alamun shanyewar ɓarin jiki, kuma me aka hana a yi wa wanda ta kama?

AIKIN YI

Kowane mai karatu ya zaɓi gida ɗaya da tsoho ke ciki, nasu ko na maƙwabta. Cikin wannan mako ya nemi izini, ya bi hanyar da tsohon ke bi daga gado zuwa makewayi da dare, ya rubuta abin da ya gani, ya gyara abu uku, ya kuma tabbatar an san wanda zai riƙa zuwa gaisuwar safe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a gida da majalisa da wuraren ibada.